Tafinta da Kunnen Hagu

Wata Asabar ce. Hadari ya haɗu tun da hantsi, ya yi baƙi ƙirin ta gabas, amma ya ƙi zuba, ya kuma ƙi tafiya. Iska ta ɗauke cik, sai gumi. Ina cikin shagona ina goge ƙafar wani tebur, sai ga ƙanena ya faɗo ko sallama babu, rungume da wani ɗan akwatin ƙarfe mai warin ƙonanniyar roba. Ya dire shi a kan bencina, cikin garin katako.

"Yaya, ya mutu."

"Wa ya mutu?"

"Tafinta."

Har na soma salati kafin in gane akwatin yake nufi.

Shekara goma sha ɗaya na ba shi. Ni kafinta ne, shi kuwa makanike, kuma tun yana saurayi ba mai kiransa da sunan yanka a garejin da yake aiki, sai Kunne. Daga yadda yake aiki sunan ya fito. In an kawo mota mai ciwon da aka rasa kansa, ba ya taɓa sifana. Sai ya ce a tayar da injin, ya ɗauko wata doguwar sukudireba mai ƙotar katako, wadda ni na yi masa ƙotar har sau uku, ya ɗora bakinta a jikin injin, ya danna ƙotar a kunnensa na hagu, ya rufe ido. Ya matsa da ita nan, ya matsa da ita can. Can sai ya miƙe ya ce, "Ku buɗe nan, na ukun ne ke kuka." A buɗe, a tarar haka ne. Fiye da shekara talatin yana wannan. Direbobi na tsallake gareji biyar su zo a saurara musu mota, kuma mai garejin ya san albarkacin wa ake cika masa fili. Wannan kunnen na hagu shi ne sana'arsa, shi ne sunansa, da shi yake ci da iyalinsa.

Mutum ne da ba ya zama. Shayi a tsaye yake sha. In ya zo gaishe ni, yana tambayar lafiyar yara yana duban ƙofa. Wuri biyu kaɗai na san jikinsa ke mutuwa: bakin inji, da kuma wata kujera a falonsa.

Falon ba shi da girma. Taga a hagu, ƙofa a dama, bango a gaba. A jikin bangon akwai kanta mai hawa uku da na buga masa. A sama na'urar faifai, irin mai juyawa da allura. A ƙasa amfilifaya mai ƙara ƙarfin sauti, ƙatuwa, mai nauyin buhun siminti, ba ta da komai a fuska sai maɓallin kunnawa. A tsakiya kuma ɗan akwatin nan da ya kawo mini gawarsa. Sifiku biyu, ɗaya gefen taga ɗaya gefen ƙofa, ni na yi musu gidajensu na katako bisa awon da ya ba ni. Kujerar ma aikina ce, kuma da tef ɗina ya auna inda za ta zauna, daidai tsakiyar sifikun, ya ɗiga farin fenti a ƙasa inda kowace ƙafa za ta tsaya. Matarsa in tana shara zagaye ta take yi.

Ni karatuna bai yi nisa ba, don haka da ya fara kawo akwatin tsakiyar na tambaye shi amfaninsa, tunda ga mai juyawa ga mai ƙara. Ya ce, "Yaya, allurar nan raɗa take yi, muryarta ba ta fi ta sauro ba. Ita kuwa ta ƙasan nan ƙarfi ne da ita kamar doki, amma ba ta jin raɗa. Wannan ne ke karɓar maganar allura, ya gyara ta, ya faɗa wa ƙatuwar da murya sosai. Masu shago firiyam suke ce masa."

Na ce, "Ashe tafinta ne."

Ya yi dariya har da dukan cinya. "Kai kafinta, shi tafinta. Duk ba ku da magana taku ta kanku." Tun daga ranar sunan ya bi akwatin.

To wutar lantarki ce ta zo da ƙarfi da safiyar nan ta ƙone shi. Shi ya sa ya zo, wai in rufe shago in raka shi neman wani. Na ce hadari fa? Ya ce hadarin nan ƙarya yake yi. Haka na yafa riga muka fita.

Shagon da muka je yana saman wani bene, a layin masu kayan wuta. Matsattse ne, mutum biyu ba sa gittawa sai ɗaya ya karkace. Ko'ina matattun rediyoyi ne a jere har rufi, da warin dalma. Mai shagon wani siriri ne mai tabarau biyu, ɗaya a ido ɗaya a goshi, Injiniya ake ce masa. Sun san juna da ƙanena, don shi ke duba masa tsohuwar motarsa. Ya buɗe mataccen akwatin, ya shinshina, ya rufe.

"Oga Kunne, wannan sai addu'a. Amma ina da guda biyu. Ka ɗauki ɗaya ka je ka ji shi a ɗakinka, in bai yi ba ka dawo da shi. Ba a zaɓen irin wannan a shago, ga hayaniyar titi."

Na farkon baƙi ne, da maɓalli guda tak na ƙara murya. Muka kai shi gida, ya durƙusa bayan kantar yana jona wayoyi, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Ya kunna. Sai wani ƙugi ya cika ɗakin, uuuum, kamar an kulle ƙudan zuma a tulu. Wannan kam ni ma na ji. Ya yi tsaki, ya lalubo wata siririyar waya da ke lilo daga na'urar faifan, ya ɗaure ta a wani ƙusa a bayan akwatin. Ƙugin ya ɗauke ɗif.

Na ce, "Madalla, ya tafi."

Ya juyo ya dube ni. "Ina ya tafi? Ba ka jin wani siririn kuka? Tsiiii, ta gefen taga?"

Na kasa kunne. Ban ji komai ba sai muryar mai tallan gawayi a waje. Na ce ban ji ba.

"Kai ai zarto ya gama da kunnenka tun tuni."

Ban musa ba. Wa zai yi gardamar ji da Kunne?

Akwai wani faifai da yake gwada komai da shi. Jita tana fitowa ta gefen taga, ganga ta gefen ƙofa, shi kuma mawaƙin, in komai ya daidaita, sai ka ji shi a tsaye a tsakiyar bango kamar za ka miƙa masa hannu. Ya sa faifan, ya zauna a kujerarsa. Ko minti ɗaya bai yi ba ya zabura.

"Mawaƙin ya gudu."

"Ya gudu ina?"

"Ga shi can bakin ƙofa. Jitar kuma kamar daga gidan maƙwabta ake kaɗa ta. Akwatin nan ɓangarensa na hagu ba shi da lafiya."

Na ce bari in ɗan zauna in ji. Ya tashi da ƙyar. Na zauna, na ji mutumin a tsakiyar bango sosai, jita a taga, ganga a ƙofa, kowa a wurinsa. Na buɗe baki zan faɗa, na ga yadda yake tsaye a kaina yana kaɗa ƙafa, sai na ce, "To, kai ka san abinka."

Ran Litinin ya mayar da baƙin ya ɗauko na biyun. Wannan mai kyau ne, da wasu 'yan kwalabe guda huɗu a kansa masu yin ja in sun yi zafi. Sai an jira shi ya ɗumama kafin ya yi magana, kuma jira shi ne abin da ƙanena ya fi tsana a duniya. Yana zagaya falon yana cewa, "Wannan tafintan sai ya gama barcinsa." Da ya farka, muryar ta fito da taushi, har matarsa ta leƙo daga kicin ta ce wannan kam ya fi na dā daɗi. Shi kuwa ya ce mawaƙin yana nan bakin ƙofa bai motsa ba, kukan tsiiii ɗin ma ya ƙaru.

Daga nan aka shiga wahala. Injiniya ya aro masa na uku daga hannun wani abokinsa, sabo fil, ɗan ƙarami fari kamar sabulu. Bai yi ba. Ya dawo da baƙin, ya ajiye ukun a jere a kan tabarma, yana cire wannan yana sa wancan. Ya sauya wayoyin hagu da na dama, yana cewa in laifin akwatin ne raunin zai koma ƙofa. Bai koma ba. Sai ya ce to ashe amfilifayar ce, wutar ta taɓa ta ita ma. Muka sauko da ita mu biyu, bayana na ƙara, muka hau benen Injiniya da ita. Ya jona mata na'urorinsa, ya nuna mana layi biyu kore a wani ɗan gilashi, suna hawa suna sauka tare.

"Oga, ga hagu ga dama, kamar tagwaye. Ko gashi ɗaya babu tsakaninsu."

"Na'urarka ce ba ta da kunne."

"Ai shi ya sa ba ta ƙarya," in ji Injiniya, yana dariya. Ƙanena bai yi dariya ba.

Bayan kwana biyu laifin ya iso kaina. Ya zo shago ya ce gidan sifikar taga ya buɗe ta wani wuri, iska na fita. Na ɗauki guduma da gam na je na duba kowace kusurwa. Aikin yana nan yadda na yi shi, ko allura ba za ta shiga ba. Don in raba gardama muka ɗauki sifikar taga muka kai ƙofa, ta ƙofa muka kawo taga. Ya zauna. Mawaƙin yana ƙofa. Ya ce to labulen tagar ne ke shanye sautin. Aka cire labulen. Ya ce gilashin ne. Ya ce kabad ɗin matarsa ne, aka ja kabad ɗin zuwa ɗakin kwana, kwanukan ciki na ƙara. Ya rame a 'yan makonnin nan, idonsa ya faɗa. Daga gareji ko wanka ba ya yi sai ya durƙusa bayan kantar, da baƙin mai a hannunsa.

Wata rana da la'asar na je ban same shi ba. Matarsa ta kawo mini ruwa, ta tsaya a bakin ƙofa tana murza gefen mayafinta.

"Yaya, har yaushe za a yi ta jan kaya a gidan nan?"

Na ce sai ya samu wanda ya yi masa.

"Ba zai samu ba. Kai ma ka sani." Ta sauke murya. "Tun bara nake bi ta damansa in muna tafiya. In ya kwanta a kan kunnen dama, ko ƙofa za a ɓalle ba ya ji. Rannan waya na ta kuka a aljihunsa na hagu, shi yana nemanta a kan tebur."

"Kin gaya masa?"

"Ni? In ce wa Kunne ba ya ji? Ai sai in kwana a gidanmu. Kai ne babba, kai zai iya saurara."

Na ce to. Amma sati biyu ban yi ba. Kullum in na fito da niyya, sai in tuna abin da zan karɓe masa ba waƙa ba ce. Ni in idona ya yi rauni ina da tabarau, ina da tef, ina da hannu. Shi fa? Kuma na san wani abu: mutumin da ya yi shekara talatin yana bin ciwon inji daki-daki, yana cire wannan yana barin wancan har ya ritsa shi, ba zai rasa sanin abin da ya rage ba. Ya gwada akwati, ya gwada waya, ya gwada ƙatuwar, ya gwada sifika, ya gwada labule. Abu guda ya rage a falon bai gwada ba, kuma shi ne ke zaune a kujera. Yana sane. Shi ya sa ba ya iya tsayawa.

Abin da ya tura ni a garejin ya faru. Mai garejin ya kira ni in gyara masa ƙofar ofis da ta kumbura. Ina cikin fere ta sai aka jawo wata bas da igiya. Direban, wani ƙaƙƙarfa mai jan ido, ya diro tun ba ta tsaya ba.

"Ina Kunnen? Ran Talata na kawo ta na ce ina jin wani ɗan ƙwas-ƙwas a ƙasa. Ka sa ƙarfenka, ka rufe ido, ka ce lafiyarta ƙalau, in tafi. Yau ta yi nokin, injin ya mutu a tsakiyar hanya, da mutum goma sha takwas a ciki, har da mai ciki!"

Ƙanena ya ce, "Ba ka duba mai ba ne."

"Mai? Zo ka ga mai! Ni da ba makanike ba na ji, kai ba ka ji ba?"

Masu aiki suka sunkuyar da kai, kowa ya kama abin da ke gabansa. Mai garejin ya ja direban ofis yana ba shi haƙuri, suka wuce ta gefena. Ƙanena yana tsaye da sukudirebar a hannu, yana buga ta a cinya. Ya hango ni, ya kau da kai.

Washegari bayan azahar na je gidansa. Na tarar da shi a tsugune, akwatuna uku a gabansa, yana hura ƙura daga bakin wata waya. Ban zauna ba.

"Sa faifan nan."

"Yaya, ka bari in gama..."

"Sa shi."

Ban saba yi masa magana haka ba. Ya sa. Na kama kujerar na ɗaga ta.

"Kai, kai, kai! Awon! Za ka ɓata mini awon!"

"Ni na yi kujerar, na san inda ƙafafunta suke." Na juya ta, bayanta ya koma wajen sifikun, fuskarta ta kalli ɗaya bangon, na dire ƙafafun a kan ɗigon fentin. "Zauna."

"Wa ke jin waƙa ta ƙeya?"

"Yau kai ne. In laifin na gefen taga ne, ko ta ina ka juya a taga zai zauna. Zauna ka faɗa mini inda mutumin yake."

Ya dube ni, ya dubi kujerar. Ya ce yana da aiki a gareji. Na ce yau ba ka da shi. Ya ce kansa na ciwo. Na ci gaba da riƙe bayan kujerar. Ni jira ba ya damuna, sai in yini ina jiran gam ya kama. Daga ƙarshe ya zauna a bakin-bakinta, kamar wanda zai tashi.

Yanzu taga ta koma damansa, ƙofa ta koma hagunsa. Jitar ta shigo. Na ga kafaɗarsa ta motsa. Gangar ta shigo, mawaƙin ya ɗauka.

"Ina yake?"

Ya sunkuyar da kai.

"Ƙanena, ina mutumin yake?"

"Yana taga." Ya nuna da yatsa. "Jitar ta dawo. Gangar ce ta tafi."

Faifan ya ci gaba da juyawa. Bai tashi ba har waƙar ta ƙare, ta biyu ta ƙare, allurar ta kai tsakiya tana ƙwas, ƙwas. Ya ɗaga hannu ya toshe kunnen dama da yatsa, ya saurara, ya saki. Ya sake toshewa. Daga nan ya miƙe tsaye.

"Ka ji daɗi? Ka zo gidana ka tozarta ni. Kai da ba ka san bambancin jita da zarto ba!"

Na ce, "Mutum goma sha takwas."

Ya shuri ɗaya daga cikin akwatunan da ƙafa, Allah ya so baƙin ne ba mai kwalabe ba, ya fice ko takalmi bai sa daidai ba. Na mayar da kujerar yadda take, na ɗage allurar kamar yadda na ga yana yi, na fito. Matarsa na tsaye a bakin kicin, na wuce ta.

Kwana tara bai yi mini magana ba. In ya hango ni a layi sai ya sha kwana. Daga wajen matarsa na ji ya je asibiti shi kaɗai, an sa masa wani abu a kai ana kaɗa masa sauti yana ɗaga hannu. Likitan ya ce jijiyar kunnen hagun ce ta gaji, ƙarar inji da ake tura mata kai tsaye ta ƙarfe shekara da shekaru, kuma abin da ya tafi ya tafi. Kukan tsiiii ɗin ma daga ciki yake. Ya ce ya kiyaye na daman. Na kuma ji wai ya gwada sa sukudirebar a kunnen dama a ɓoye, a wata mota da ya riga ya san ciwonta. Kunnen yana ji, amma bai san abin da yake ji ba, kamar a ba mutum alƙalami a hannun da bai saba ba.

Ran na goma ya shigo shagona, wannan karon da sallama. Ya tsaya yana wasa da wani guntun katako.

"Yaya, tashi ka raka ni."

"Ina?"

"Wuri biyu. Kada ka ce komai, tsayawa kawai za ka yi."

Garejin muka fara zuwa. Mai garejin tsoho ne sa'ana, mai yawan shiru. Ƙanena ya tsaya a gabansa, hannu a baya.

"Maigida, kunnen ya tafi. Na hagun. Bas ɗin nan laifina ne, ba na direba ba. Kada a ƙara sallamar mota da maganata."

Tsohon ya dubi teburinsa. "Na sani tun kafin bas ɗin. Ina ta neman bakin da zan faɗa maka ne ban samu ba." Ya nisa. "Hannunka fa?"

"Hannuna lafiya lau."

"To ba mai haɗa inji kamarka a filin nan. Ka koma kan haɗawa. Sauraro kuwa za mu nemi dabara."

Ƙanena ya ce to. Haɗa inji aiki ne mai kyau, amma ba don shi direbobi ke tsallake gareji biyar ba, kuma duk mu ukun mun san haka.

Daga nan muka hau benen Injiniya, ni da akwati biyu shi da ɗaya. Ya jera su a kan kanta.

"Kayanka lafiyarsu ƙalau, duka ukun. Ka yafe mini zirga-zirgar. Ni ne ɓangarena na hagu ya mutu."

Injiniya ya sauko da tabarau na goshi ya ɗora a kan na ido, ya dube shi. "Mutu gaba ɗaya, ko rauni ya yi?"

"Rauni. Likita ya ce kamar rabi."

"Haba Oga! Shi ne ka bari muna ta dako? Ai da ka faɗa tun farko." Ya ja tsani ya hau, yana ture rediyoyi, ƙura na zubo mana. Ya sauko da wani tsohon akwati mai fuskar gwangwani, gefensa a lotse, maɓallai jere a gaba sun fi bakwai.

Ƙanena ya yamutsa fuska. "Wannan tarkacen? Duk maɓallin da aka ƙara wa tafinta ƙarya ake koya masa. Mai kyau ba ya ƙari ba ya ragi."

"Wannan maganar masu kunne biyu ce. Ka ga na tsakiyan nan? Balas ke nan. Ka murɗa shi hagu, ya rage wa dama ya bar wa hagu, har su zo maka daidai. Waɗancan ukun ba su da shi, masu yin su sun ce ƙazanta ne. Kai da kake yi wa tayar mota balansin, yau kai za a yi wa."

"Wato in sa shi ya yi mini ƙarya."

Na manta an ce kada in yi magana. Na ce, "Tafinta ai don mai saurare ake ɗauko shi. In mai sauraren kunnensa ɗaya ne, ta nan zai tsaya."

Ya harare ni. Ya ɗauki akwatin ya jujjuya, ya murɗa maɓallin hagu da dama yana jin tsaurinsa, ya ce yana cijewa, a sa masa mai. Ya ce fuskar ta yi muni. Ya ajiye, ya kai bakin bene, ya dawo ya ɗauka.

A gida ya jona shi. Ya sa faifan, ya tsaya gaban kantar ya murɗa kaɗan, ya koma kujera, ya taso ya ƙara, ya koma. Sau shida ina ƙirgawa. A na bakwai ya zauna bai taso ba. Ya jingina bayansa.

"Ya dawo?"

"Ya kusa. Yana ɗan karkace, amma ya bar ƙofar."

Matarsa ta shigo da shayi, ta tsaya, ta karkata kai. "Ikon Allah. Yanzu kuma mutumin ya koma taga, kamar zai dira waje."

"A wajenku," in ji shi. "Wanda bai so ba ya sayi nasa."

"To a dawo mini da kabad ɗina da labulena."

"Gobe."

"Yau, tunda ga Yaya."

Haka muka ja kabad ɗin muka dawo da shi, yana ta mita wai mun sa allura na tsalle.

Shekara biyu ke nan da yin wannan. Kunne yana garejin har yanzu, a rumfar baya, yana kwance injina yana haɗawa, da auduga a kunnen dama. Sauraron mota wani ne ke yi, da wata na'ura da mai garejin ya kawo. Direbobin nesa sun ragu. Kunnen hagun ya ƙara ja baya, maɓallin ya kusa kaiwa ƙarshen murɗinsa, kuma ya fara damun Injiniya ya nemo masa wani mai balas da ya fi wannan nisa.